Ƙaramin Gilashin da Ya Fitar da Masu Hoto Titi Cikin Dare

A farkon shekarun 1930, mai ratsa lungunan birnin Paris da tsakar dare kan iya cin karo da wani mutum a tsaye kusa da kyamara da aka kafa bisa ƙafa uku, yana zuƙar taba a natse. Sunansa na yanka Gyula Halász, amma duniya ta san shi da Brassaï. Tabar nan ita ce agogonsa. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa da cinyewar karan sigari yake auna tsawon lokacin da zai bar kyamara a buɗe, in duhu ya tsananta sai ya kunna mai kauri wadda ta fi daɗewa. Kyamararsa Voigtländer Bergheil ce, mai cin farantin gilashi maimakon fim. Hotunan littafinsa Paris de nuit har yau ba su tsufa ba: gadoji, fitilun titi, hazo, duwatsun daɓe da ruwan sama ya jiƙa. Sai dai mai lura zai ga cewa yawancin abin da ke ciki abu ne da ba ya motsi. Mutanen da suka fito sosai a hotunansa na dare, ko dai roƙonsu aka yi su tsaya cak, ko kuma an haska su da walƙiyar garin maganiziyam.

Matsalar ta lissafi ce. Kowane gilashin kyamara yana da lamba a bakinsa da ke nuna iyakar buɗewarsa, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Na Brassaï f/4.5 ne. Gilashi mai f/2 yana shigar da haske ninki biyar ɗin wannan, mai f/1.4 kuwa ninki goma. To amma faɗaɗa ƙofa na nufin ƙarin gilashi, ƙarin nauyi, ƙarin kuɗi, da ƙarin aibobi a gefen hoto. Dare yana neman babban gilashi, titi kuma yana neman ƙarami wanda ba zai ja hankalin jama'a ba. A tsakanin waɗannan buƙatu biyu maƙeran Jamus, daga baya na Japan da Kanada, suka shafe kusan ƙarni guda suna kai-komo.

Wanda ya fara fasa ƙofar wani saurayi ne a Dresden, Ludwig Bertele, da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Shi ya ƙera gilashin Ernostar na kyamarar Ermanox da ta fito a 1924, da farko f/2, daga baya f/1.8. Da ita Erich Salomon, wanda ya yi digirin dakta a fannin shari'a, ya riƙa kutsawa tarukan manyan Turai sanye da kwat irin tasu, yana ɗaukar ministoci suna gyangyaɗi a kujera a taron Hague na 1930, ba tare da ko ƙyallin walƙiya ba. Ya taɓa ɓoye kyamara cikin hula don ya ɗauki zaman kotu. Amma Ermanox faranti ɗaya take ci a lokaci guda, kuma saita ta aiki ne ja. Ta dace da zauren taro inda mutum zai zauna ya jira, ba ta dace da titi ba. Salomon Bayahude ne, 'yan Nazi suka kashe shi a Auschwitz a 1944.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai Oskar Barnack na kamfanin Ernst Leitz da ke garin Wetzlar, kamfanin da sana'arsa ita ce ƙera madubin likita na ganin ƙwayoyin cuta. Barnack mai ciwon asma ne, ga shi da son yawon daji, ɗaukar manyan kayan hoto na wahalar da shi. Tsakanin 1913 da 1914 ya haɗa wata 'yar kyamara mai amfani da fim ɗin silima, ya kwantar da shi, ya ba kowane hoto fili mai milimita 24 da 36. Yaƙin duniya na farko ya tsayar da maganar. Sai a 1924 Ernst Leitz na biyu ya yanke shawarar a ƙera ta, aka baje ta a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1925 da sunan Leica. Gilashin da ya yi mata suna shi ne Elmar na Max Berek, milimita 50, f/3.5, wanda ake tura shi ya shige cikin kyamarar har ta shiga aljihun kwat. Ƙanƙanta kam ta samu. Haske ne bai samu ba.

Shekarar 1932 ce ta haɗa abubuwan. A cikinta Leica II ta fito da ma'aunin tazara a jikinta, kuma a cikinta kamfanin Zeiss Ikon ya fito da kishiyarta, Contax. Yadda ma'aunin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Tagogi biyu ne a goshin kyamara, da ɗan rata a tsakaninsu, kowace tana kallon abu daga kusurwarta. Mai leƙawa zai ga abin ya rabu biyu a tsakiyar taga. Yana murɗa zoben gilashi, siffofin biyu suna matsowa, da sun hau kan juna sun zama ɗaya, to saiti ya yi. Muhimmancin wannan ga mai aikin dare shi ne ba ta cikin gilashin ɗaukar hoton yake kallo ba, don haka tagar ba ta dusashewa. In dai akwai gefen kwala, ko ƙyallin ido, ko sandar fitila da zai haɗa, zai iya saitawa cikin duhun da ido da ƙyar yake gani.

Contax ta zo da makamin da ya tayar wa Leitz hankali: Sonnar na Bertele, milimita 50, f/1.5, mai shigar da haske fiye da ninki biyar na Elmar. Dabarar Bertele ta cancanci a tsaya a kanta. A wancan zamani ba a san shafa wa gilashi maganin hana ƙyalli ba, kuma duk inda haske ya ratsa daga iska zuwa gilashi ko daga gilashi zuwa iska, kusan kashi huɗu zuwa biyar cikin ɗari na komawa baya, ya yi ta yawo a ciki yana wanke hoton. Da rana ana iya haƙuri da wannan. Da dare, inda fitila mai ƙarfi ke tsaye cikin baƙin duhu, sai hoton ya cika da hayaƙi-hayaƙi. Bertele ya ɗauki falle bakwai na gilashi ya manne su rukuni uku, ya zama wurare shida kacal haske ke haɗuwa da iska. Sakamakon shi ne gilashi gajere, mai haske, mai fitar da baƙi a baƙinsa. Leitz ta mayar da martani da Summar f/2 a 1933 da Xenon f/1.5 a 1936, amma masu gaskiya a cikin masoyan Leica sun yarda cewa a fagen dare Zeiss ce gaba a shekarun. Maganin ƙyallin ma a Zeiss aka gano shi, ta hannun Alexander Smakula a 1935, sai dai gwamnatin Jamus ta mai da shi sirrin soja, bai wadatu a kasuwa ba sai bayan yaƙin duniya na biyu.

Me ya sa gilashin irin wannan kyamara ke iya zama ƙarami haka? Saboda babu madubi mai tashi da sauka a bayansa. A kyamarar Leica M, tazarar da ke tsakanin bakin da ake ɗaura gilashi da fim milimita 27.8 ce. A Nikon F mai madubi, milimita 46.5 ce. Gilashi mai faɗin gani, kamar na milimita 35 ko 28, a ɗabi'arsa yana son zama kusa da fim. In madubi ya tare wurin, dole a ƙara masa manyan falle a gaba don a janye shi, dabarar da Bafaranshe Pierre Angénieux ya shigo da ita harkar a 1950. A kyamara mai ma'aunin tazara ba a buƙatar wannan, shi ya sa gilashin milimita 35 mai f/2 bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Rashin madubin ya kawo wasu alfanu uku: babu girgiza, babu ƙara sai ɗan "tsik" na labulen yadi, kuma tagar ba ta rufewa a daidai lokacin ɗauka, mutum yana ganin abin da ya kama.

Henri Cartier-Bresson ya sayi tasa Leica a Marseille a 1932, bayan ya dawo daga Kwaddibuwa inda zazzaɓi ya kusa kai shi lahira. A shekarar ya ɗauki hoton nan na mutumin da ke tsallake kududdufi a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare, ta kafar katangar katako. Kusan duk rayuwarsa gilashin milimita 50 ya riƙe. Yakan liƙe wuraren da ke ƙyalli a jikin kyamarar da baƙin salatif, kuma ya tsani walƙiya, yana ganin ta rashin ladabi ce. Ba shi kaɗai ba ne. André Kertész ya riga shi da shekara huɗu, ita kuma Ilse Bing, wadda ta sayi tata a 1929, ta ɗauki Paris da dare da 'yan rawar Moulin Rouge har aka yi mata laƙabi da sarauniyar Leica. Abin da ya canza a hannun waɗannan mutane shi ne matsayin mai hoto. A da shi ne abin kallo, da mayafinsa da ƙafafun kyamararsa. Yanzu ya zama ɗaya daga cikin masu wucewa.

Ƙirar ta bazu ta hanyoyi masu ban mamaki. A Kharkiv ta Yukren, wata cibiyar tarbiyyar marayu da yaran titi da ke ƙarƙashin Anton Makarenko ta fara kwaikwayon Leica II a 1934 da sunan FED. Bayan yaƙi Tarayyar Sobiyat ta kwashe injinan Contax zuwa Kiev a matsayin diyya, Sonnar kuma ya sake bayyana da sunan Jupiter. A Japan, a watan Yunin 1950, David Douglas Duncan na mujallar Life ya ga wani hoto da Jun Miki ya ɗauke shi da gilashin Nikkor ƙirar Japan cikin ƙarancin haske, ya yi mamakin kaifinsa, ya ɗaura irinsa a kan Leica ɗinsa ya tafi yaƙin Koriya. Kafin ƙarshen shekarar jaridar New York Times ta rubuta labarin, kuma daga nan Jamus ta daina cin kasuwar ita kaɗai.

A 1954 abubuwa biyu suka fito waɗanda suka zama abincin masu hoton titi na tsawon shekara arba'in. Na farko Leica M3, mai taga ɗaya babba wadda ta haɗa kallo da saiti, da fararen layuka masu nuna iyakar hoto. Layukan nan suna da wani amfani da masu titi suka fi kowa ganewa: ana ganin abin da ke wajensu. Mai hoto yana hango mai keke tun kafin ya shigo fili, ya jira shi. Na biyu fim ɗin Kodak Tri-X a girman milimita 35, mai lambar saurin kama haske 200 a lokacin, daga baya 400, wanda ake iya matsa masa a ɗakin wanki ya yi aiki kamar 800 ko 1600, in mutum ya yarda da tsaba-tsabar da zai fito da ita.

Robert Frank ya yarda. Ɗan Suwizalan ne da ya samu tallafin Guggenheim a 1955, ya zaga Amurka a tsohuwar mota da Leica, ya ɗauki hotuna kimanin 27,000, ya zaɓi 83. A jihar Arkansas 'yan sanda sun tsare shi suna zargin ɗan leƙen asiri ne. Littafinsa The Americans ya fito a Faransa a 1958, a Amurka a 1959, cike da mashaya, na'urorin kiɗa masu walwali a kusurwar duhu, lif, gidajen abinci na bakin hanya. Mujallun hoto na lokacin sun yi masa ca, suna kukan dishi-dishi da karkacewa da datti. Ta ma'aunin ɗakin gwaji suna da gaskiya. Amma Frank ya nuna cewa hoton da aka ɗauka a hannu cikin hasken kwan lantarki ɗaya yana ɗauke da yanayin wurin, abin da walƙiya ke kashewa nan take. Bayansa, aibin ya zama salo.

Gilashin da ya fi kusa da sasanta rigimar dare da titi daga Kanada ya fito. Leitz ta buɗe reshe a Midland ta lardin Ontario a 1952, ta tura wani matashi, Walter Mandler, wanda ya je da niyyar ɗan zama ya ƙare rayuwarsa a can. A farkon shekarun 1960 ya fitar da Summilux na milimita 35, f/1.4, wanda nauyinsa bai wuce gram ɗari biyu da wani abu ba. In aka buɗe shi gaba ɗaya yana da aibi a fili: fitilun da ke gefen hoto sukan yi fiffike, fararen wurare kuma su yi wani annuri. In aka rage shi zuwa f/2.8 sai ya koma kaifi. An ci gaba da ƙera shi sama da shekara talatin, kuma abin dariyar shi ne annurin da injiniyoyi suka sha wuyar kawarwa shi ne yau masu tara tsofaffin kaya ke biya da tsada.

An yi tseren ƙattai ma. Canon ta fitar da milimita 50 mai f/0.95 a 1961. Leitz ta kawo Noctilux f/1.2 a 1966, wanda ake goge wasu fallensa da hannu, shi ya sa ba a ƙera ko dubu biyu ba, sai f/1 na Mandler a 1976, sai f/0.95 a 2008 mai nauyin kusan gram 700. Gilasai ne na ban mamaki, amma a ganin marubucin nan sun fi kyau a talla fiye da a titi. Suna toshe wani yanki na taga, zobensu na da nisan murɗawa, kuma a f/1 abin da ke fitowa tar bai wuce 'yan santimita ba: ido ya fito, kunne ya narke. Mai tafiya ba zai jira ba.

Abin da ƙwararru suka riƙa yi ya fi haka sauƙi. Da rana ba sa ma taɓa ma'aunin. Akwai lambobi a jikin gilashi masu nuna zurfin abin da zai fito: gilashin milimita 28 a f/8, in an ajiye shi a mita uku, kusan komai daga mita ɗaya da rabi zuwa can nesa zai fito. Haka Garry Winogrand ya yi ta ratsa titunan New York da Leica M4, yana ɗauka ba ƙaƙƙautawa, har ya mutu a 1984 ya bar kimanin nadi 2,500 na fim da ba a ko wanke ba. Da dare kuwa sai a buɗe zuwa f/2 ko f/1.4, a sauke gudu zuwa kashi ɗaya cikin 30 ko 15 na sakan, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari, a jingina da bango, a danna bayan an saki numfashi. Ana neman inda haske ya taru, ƙofar shago, tashar bas, ƙarƙashin allon silima, a tsaya a bar mutane su shigo cikinsa. Yatsa kan haddace inda ɗan marikin zoben yake a mita biyu da mita biyar, har a saita tun kafin kyamara ta kai ido.

A wasu wuraren ƙanƙantar ba ta ado ba ce, ta tsira ce. A Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, Peter Magubane na mujallar Drum ya raraka burodi ya cusa kyamararsa ciki, ya yi kamar yana ci alhali ɗauka yake yi, wani lokacin kuma cikin kwalin madara ko Littafi Mai Tsarki da aka fafe. Wannan bai hana hukuma kama shi daga baya ba, ya yi kwana 586 a ɗakin kaɗaici. Wannan fa shi ne ɗaya gefen sana'ar: kayan da ke ba mutum damar ɗaukar azzalumi bai sani ba, su ne ke ba shi damar ɗaukar talaka bai sani ba. Faransa, mahaifar wannan salo, ta sa kare sirrin rayuwar mutum cikin dokarta a 1970, kuma tun daga nan buga hoton baƙo a can sai da taka-tsantsan.

Nikon F ta 1959 ta kwashe 'yan jarida, don kyamara mai madubi tana ɗaukar gilashin hango nesa, tana matsowa kusa da abu, kuma abin da ka gani shi za ka samu. Mai ma'aunin tazara ba ta saita ƙasa da santimita 70, kuma a kusa tagarta na ɗan kauce wa abin da gilashi ke gani. Leica M5 ta 1971 ta yi girma, masu saye suka juya mata baya, har aka kusa rufe layin baki ɗaya a tsakiyar shekarun 1970, sai reshen Kanada ya ceto shi da M4-2. A wannan tsakanin ne aka yi Leica CL tare da Minolta a 1973, da ɗan gilashinta na milimita 40, f/2, wanda bai kai gram 150 ba. Talaka kuwa Japan ce ta share masa hawaye da kyamarori masu gilashi a manne: Yashica Electro 35 ta 1966, da Canonet QL17 GIII ta 1972 mai f/1.7 wadda aka sayar da fiye da miliyan ɗaya, da Olympus XA ta 1979 ta Yoshihisa Maitani mai shiga aljihun riga. Da yawa daga cikin hotunan dare na iyali da na ɗalibai a shekarun nan da irinsu aka ɗauka, ba da Leica ba.

A 1999, lokacin da kowa ya ɗauka zancen ya mutu, kamfanin Cosina na lardin Nagano ƙarƙashin Hirofumi Kobayashi ya karɓi izinin amfani da tsohon sunan Voigtländer, ya fara ƙera kyamarorin Bessa da ƙananan gilasai a farashin da malamin makaranta zai iya tarawa. Nokton na milimita 40, f/1.4, har iri biyu aka yi shi, ɗaya da shafi mai yawa na zamani, ɗaya da shafi falle ɗaya da gangan, don masu son laushin tsohon hoto na fari da baƙi. Da jikin Bessa aka gina Epson R-D1 a 2004, kyamarar dijital ta farko mai ma'aunin tazara, shekara biyu kafin Leica M8.

Dijital ta zo da nata ciwon kai. Kusancin nan da ya sa gilasan suka ƙanƙance yana sa haske ya faɗa gefen sensa, wato abin da ya maye gurbin fim, a karkace. Fim bai damu ba, amma sensa takan duhunta kusurwa ko ta canza mata launi, shi ya sa Leica ta karkatar da ƙananan ƙwayoyin tattara haske na gefen sensarta, ta kuma sa wa gilasai alamar ɗigo shida don kyamara ta gane su ta gyara. Tun da Sony A7 ta fito a 2013, zobe mai arha ya isa a ɗaura Jupiter na zamanin Sobiyat ko Summicron ɗin Leitz na 1958 a kan kyamarar zamani, kodayake masu faɗin gani sukan ɓata gefe a kan sensar da ba don su aka yi ta ba. Sensar yau tana aiki a lamba 6400 ba tare da wani lahani mai yawa ba, ninki goma sha shida na Tri-X, saboda haka f/2 ko ma f/2.8 ya wadatar a titin da ke da fitila. Kamfanonin Sin irin su 7Artisans da TTArtisan sun shigo da nasu a bakin Leica M a ɗan ƙaramin kaso na farashin Wetzlar, ita kuma Leica a 2022 ta dawo da M6 mai fim, tare da sabon bugu na Summilux ɗin Mandler na milimita 35.